Idon Ruwa na Biyar

Kowace safiya, kafin ya buɗe wa kaji, kafin ma ya wanke fuska, Mosh Profir, wato tsoho Profir a harshenmu, yakan ɗauko wani farin farantin ƙarfe mai shuɗin layi zagaye da cikinsa. Yakan ajiye shi a bakin tagar ɗakin girki, daidai inda gindin farantin ya riga ya ci katako ya bar shaida. Sai ya tsiyaya ruwa a hankali har ya kai layin, ya rusuna, ya kanne ido ɗaya ya duba. In ruwan ya taɓa layin ta ko'ina, sai ya juye shi a tukunyar furen matarsa ya fita harkarsa. Fiye da shekara arba'in yana haka. Matar tasa Paraskiva, Allah ya gafarta mata, takan ce duk faɗin Moldova ita kaɗai ta auri mutumin da ke gaida faranti kafin ya gaida iyalinsa. Bai taɓa tanka mata ba. Da ma shi ba mai yawan tankawa ba ne.

Mu da muka tashi tare da shi mun san abin da yake tambayar farantin. So yake ya ji ko gidan ya kwana inda aka bar shi jiya.

Tuddanmu na Kodru ba su da tsawon da za a yi alfahari da shi. Tudun Spinarea, wanda ƙauyenmu yake jingine da shi, tsohuwa ma takan hau ta sauko kafin tuwon masara ya huce. Kurmi a kansa, gonakin inabi a kafaɗarsa, gidajenmu a cinyarsa. Babu dutse a cikinsa. Daga sama baƙar ƙasa ce, ƙarƙashinta yashi, ƙarƙashin yashin kuma shuɗin yumɓu mai santsi kamar sabulu. Ruwan sama da na narkewar ƙanƙara sukan ratsa yashi cikin sauƙi, in sun isa yumɓu su rasa hanya, sai su bi gefe su fito a ƙugun tudun. Shi ya sa idanun ruwanmu bakwai suke jere a layi ɗaya kamar maɓallan riga. Muddin ruwan yana fita, tudu yana zaune lafiya. In aka tare shi, sai ya koma ya jiƙa yumɓun, duk abin da ke sama kuwa ya fara tafiya: inabi, itatuwa, rijiyoyi, gidaje. Ba da gudu ba. A hankali, kamar saniyar da ta ƙoshi.

Profir ya ga wannan tafiya da idonsa sau ɗaya, shekarar da ya yi aure. A ƙauyen su Paraskiva ne, bayan kurmi. Aka aiko surukinsa yana neman hannu, ya ɗaure doki a keke ya tafi. Ya tarar da itatuwan tuffa sun karkace, wannan gabas wancan yamma, kamar maza masu dawowa daga biki. Rijiyar gidan ta lanƙwashe, guga ba ya sauka. Ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ya haɗe bakinsa a kan gangunan giyar inabi na shekara biyu. Ba wanda ya mutu, ko kaza. Kwana tara unguwar ta yi tana zamewa, mutane suna kwashe kaya suna kallo. Surukin nasa, mutum mai yawan dariya, bai sake dariya sosai ba bayan nan. Cikin kayan da Profir ya loda a keke har da farantin nan. Da suka dawo gida, a nasa gidan da bai fi wata huɗu da rufi ba ya fara zuba wa farantin ruwa.

Zamanin gandun gwamnati, shi aka ɗora wa kula da idanun ruwa. Ba muƙami ba ne da ake ɗaga wa hula. Shebur ne da takalmin roba. Ya share bakin ido, ya cire ganye da laka, ya buɗe wa ruwa hanya zuwa kwazazzabo. A al'adarmu kuma, makon da ke gaban Idin Saukar Ruhu, mazan ƙauye sukan fito gaba ɗaya a yashe rijiyoyi da idanu, Fada, limamin cocinmu, ya bi baya da addu'a, a zauna a ciyawa a ci cukun tumaki da albasa. Da gandu ya watse aka raba ƙasa, ba wanda ya ce wa Profir ya ci gaba, ba kuma wanda ya ce ya bari. Sai ya ci gaba. Samari suka kama hanyar Italiya ɗaya bayan ɗaya, masu fitowa yasa suka ragu daga arba'in zuwa goma, daga goma zuwa shi kaɗai. Yakan fara da na ɗaya ran Litinin, ya gama da na bakwai ran Asabar.

Na biyar shi ne daidai saman gidansa, taku ɗari biyu in ka miƙe ta cikin inabi. Ido ake ce masa don dai an saba, amma ba baki ɗaya gare shi ba. Wuri ne mai faɗin taku goma sha biyu da ruwa ke tsatsafowa ta ko'ina, ga na'a-na'a, ga kwaɗi, ga taɓo har idon sawu. Can Paraskiva take ɗiban ruwan dafa wake, wai na rijiya ba ya nunar da shi. Can take wanke ulu. Ba ta taɓa dawowa daga can da busasshen takalmi ba, ba ta kuma taɓa dawowa ba tare da ta yi mita ba.

Ta rasu a tsakiyar sanyi. Ɗansu ɗaya ne, Serafim, magini a Italiya, kuma a lokacin takardunsa ba su cika ba: in ya fito ba zai iya komawa ba. Aka binne ta babu shi. Ba wanda ya zarge shi a ƙauye, don kusan kowane gida yana da irin wannan labari. Shi ne dai ya zargi kansa.

Da rani ya zagayo na shekara ta biyu, ya zo da takardu a aljihu da zane a hannu. A wurinmu, babbar sadakar da ɗa zai yi wa mahaifi ita ce ruwa. Ka haƙa rijiya a bakin hanya ko ka gina ido, ka rataya moɗa. Duk mai wucewa da ya sha ya ce Allah ya gafarta, mamacin ma ya sha a can inda yake. Serafim ya zaɓi na biyar. Wanne kuma zai zaɓa?

Ya shimfiɗa takardar a kan teburin tsakar gida, ya danne ta da tulun giya.

"Baba, duba nan. Bango daga wannan gefe zuwa wancan, siminti zalla, gindinsa cikin ƙasa har ƙirjina. Bututu ɗaya a tsakiya. Kwami a ƙasa don dabbobi, benci a gefe. A sama gicciye da sunan Mama."

Profir ya daɗe yana kallon takardar.

"Ruwan nan baki goma gare shi," ya ce. "Ɗaya za ka bar masa?"

"Ai gyaran ke nan! Ya taru wuri ɗaya ya fito da ƙarfi. Ka manta yadda take dawowa da ƙafa duk taɓo?"

"Ban manta ba." Ya sosa gemu. "Ka bar masa 'yan ramuka a gindin bangon. Ko uku."

Serafim ya yi dariya. "Ramuka? Don kwaɗinka su dawo? Haba Baba. Shekara goma sha huɗu ina yi wa mutanen Italiya bango, ko ɗaya bai tsage ba. Na uwata ne zan yi mai huji kamar cuku?"

Da wani ne ya faɗi haka, da Profir ya ja shi har bakin kwazazzabo ya nuna masa yashi da yumɓu. Washegari ma ya hau tudu da niyyar yin hakan. Sai ya tarar da ɗan nasa shi kaɗai yana kwaɓa siminti, ya juya wa hanya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ziyarci kabarin uwarsa bai yi kuka ba, ya tsaya ne ƙiƙam kamar baƙo. A nan yake yi, hawaye na sauka cikin kwaɓin, shebur bai tsaya ba. Profir ya koma da baya a hankali har inabi ya ɓoye shi. Da ya sake fitowa, baro ya turo cike da yashi. Mako uku yana tura wa ɗansa yashi.

Gaskiya, aiki ya yi kyau. Ba mu taɓa ganin irinsa ba a wannan gefen kurmi. Fada ya zo ya yi addu'a ya yayyafa ruwa, aka raba burodin zobe da tawul, aka rataya sabuwar moɗa da sarƙa. Ruwa na fita daga bututu kamar damtsen mutum. Kowa ya sha ya ce Allah ya gafarta wa Paraskiva. Profir ma ya sha. Kuma daga ranar, bangon ya fita daga hannun mutane. Abin da aka yi wa addu'a da sunan mamaci, ba mai ɗaga masa guduma a ƙauyenmu, ko mahaukaci.

Serafim ya koma. Shekarar farko faranti bai ce komai ba, har Profir ya fara tunanin ko tsufa ne ya sa shi tsoro. Sanyi na biyu aka yi ƙanƙara mai yawa, ta kuma narke cikin kwana shida, ruwan sama ya biyo ta. Wata safiya ya rusuna ya kanne ido, sai ya ga ruwa ya haura layi ta gefen gangare, ya gaza ta gefen tudu. Kaurin gashi ne kawai. Ya zubar, ya goge farantin, ya goge katakon, ya sake. Ya canza ido. Ran nan furen ya sha ruwa sau huɗu.

Ya hau tudu. Bututu yana zuba, amma damtsen ya koma yatsa biyu. Bayan bangon ƙasa ta yi laushi, in ya taka sai sawunsa ya cika da ruwa. Can sama kaɗan, cikin ciyawa, ga wata tsaga siririya ta bi tudun a kwance, yatsa yana shiga. Ruwa ya nemi tsofaffin ƙofofinsa ya tarar a rufe, ya juya ciki.

Gidaje biyu ne a ƙarƙashin wurin: nasa, da na maƙwabciyarsa Agafiya, gwauruwa mai baki kamar almakashi, ƙawar Paraskiva tun suna 'yan mata. Ba a yi wata guda ba ta leƙo ta kan shinge.

"Bade Profir!" Haka take kiransa, yadda ake kiran yaya. "Ƙofar ɗakin ƙasana ta fara gardama kamar marigayi mijina. Sai na sa kafaɗa. Jiya na ajiye ƙwai a tebur, ya kama hanya shi kaɗai ya je ya fashe. Me farantinka yake cewa?"

"Yana magana."

"Yana magana! Kai ma da za ka koya daga wurinsa. Bangon nan ne, ko? Kada ka kalli kaji, ni za ka kalla."

Ya kalli kaji.

"To ɗauki guduma ka huda shi."

"An yi masa addu'a."

"Kira ɗanka, shi ya gina, shi zai ba da izini, Fada ya sake wata addu'ar. Addu'a ta ƙare ne a duniya? Ko so kake wata safiya mu farka a bakin rafi, ni da kai a ɗaki ɗaya? Ka sani tun yanzu, ba na auren wanda ba ya magana. Paraskiva ce mai wannan haƙurin."

"Zan gaya masa ran Lahadi," ya ce.

Kowace Lahadi bayan an taso daga coci Serafim yakan bugo waya. Profir ya zauna a benci da wayar a gwiwa, ya shirya maganarsa tsaf, kalma shida ko bakwai. Waya ta yi ƙara.

"Baba, kana lafiya? Ruwan Mama yana zuba?"

"Yana zuba."

"Mutane suna sha?"

"Suna sha. Jiya ma makiyayi ya tsaya."

"Madalla. Hotonsa na sa a fuskar wayata, duk wanda muke aiki tare sai na nuna masa. Ka san wani abu, Baba? Ban taɓa gaya maka ba. Da, kullum sai na gan ta a mafarki tana miƙo mini kofi babu komai a ciki. Tun da na gina shi ba ta sake zuwa ba. Yanzu ina barci."

Profir ya dubi tudun. Daga bencin ana hango gicciyen, fari, sama da inabi.

"Baba? Kana ji na?"

"Ina ji. Yi barcinka."

Agafiya tana jingine da shinge, ta ji komai, don ba ta taɓa ɓoye cewa tana saurare ba. Ta buɗe baki, ta rufe. A sanina, ran nan kaɗai ta taɓa yin haka.

Kwana uku yana zagaya tudun da igiya da turaku. Ran na huɗu aka gan shi a bakin kwazazzabo, can gabas da bangon, taku casa'in daga wurin, yana haƙa. Agafiya ta hau da kwandon abinci ta tsaya a kansa.

"Ruwa yana can, kai kana nan. Zinariyar Turkawa kake nema? In ka samu, rabi nawa, ni na kawo tuwo."

"Magudana zan ja," ya ce. "Daga ƙasa ake fara ta a hau sama, don ruwan da aka tarar ya sami inda zai bi. In na fara daga can, cikin tafki zan tsaya."

"Ta je ina?"

"Bayan bangon. Ta kwashe na gefe-gefen, ta kawo nan."

"Ba tare da ka taɓa bangon ba."

"Ba tare da na taɓa shi ba."

"Shi kuma ba zai sani ba."

Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama shebur.

"Shekararka saba'in da shida, tsohon banza," ta ce. Ta ajiye kwandon a inuwa, ta rufe shi da ganye don ƙuda.

Ba ƙaramin rami ba ne. Sai ya ratsa baƙar ƙasa, ya ratsa yashi, ya taɓa shuɗin yumɓu, don a kansa ruwan yake gudu. Wani wuri zurfin ya kai ƙugu, wani wuri ƙirji. In ya haƙa taku biyu, sai ya jera duwatsu a gindi, biyu a tsaye ɗaya a kwance, ya bar wa ruwa rami kamar na ɓera. Ya shimfiɗa damin rassan inabi a kai don kada yashi ya toshe, ya mayar da ƙasa. Duwatsun kuwa daga kangon garken shanun tsohon gandu yake ɗebo su da baro, tun da tudunmu ba ya haihuwar dutse. Ran da jiki ya yarda, taku ɗaya. Ran da bai yarda ba, ya zauna ya ware duwatsu, masu faɗi gefe guda, masu tsawo gefe guda.

Mutane sun tambaya, mana. Yakan ce yana gyara wa inabi ƙafa ne. Tsofaffinmu sun gane. Wasunmu sun je sun kama masa kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da baya ya yarda, mu ma ba yara ba ne. Ba wanda ya ambaci bangon. Mukan bi ta wurin in za mu gida, mu sha a moɗa, mu ce Allah ya gafarta mata, mu sauka.

Rani na farko ya yi taku hamsin da biyu, sanyi ya kore shi. Da ƙanƙara ta narke, ruwan faranti ya haura layi da kaurin tsinke, bangon ɗakin girki ya yi wata tsaga daga kusurwar taga zuwa rufi. Ya cike ta da laka ya shafa farar ƙasa. Serafim bai zo ba shekarar, aiki ya riƙe shi. Profir bai matsa masa ba, har Agafiya ta ce ba ta taɓa ganin uban da ke murnar rashin zuwan ɗansa ba.

A taku na sittin da ɗaya yumɓu ya fara gumi. A na sittin da biyar ruwa ya biyo ƙarƙashin takalminsa, siriri, mai sanyi. Ya fito daga ramin ya gangara har bakin kwazazzabo, ya tsuguna yana jira. Ya daɗe. Can sai ga shi ya ɓullo tsakanin duwatsu, da farko jajaja da laka, daga baya garau. Ya tara hannu ya sha. Agafiya ta ce ran nan ya shigo mata gida ba sallama, ya zauna, ya ce a ba shi giya kofi ɗaya, ya kuma yi magana har jimla huɗu a jere.

Daga nan faranti ya rage sauri. Bai tsaya ba, ya dai rage. Babban ruwan yana nan maƙale a bayan bangon, sai magudana ta isa can.

Abin da na lura da shi, ban kuma gaya wa kowa ba sai yau, shi ne yadda aikin ya riƙa ja da baya da ya matso kusa. Ƙasar wurin ta fi laushi, ya kamata a ce ya fi sauri. Amma sai ka same shi zaune a bakin ramin, igiya a hannu, yana aunawa yana sakewa. Na tambaye shi ko ƙarfi ne ya ƙare.

"In na yi zurfi da yawa, zan kwashe har na bututun," ya ce. "Moɗa ta bushe. In ban yi zurfi ba, aikin banza." Ya nuna tsakanin yatsunsa biyu. "Tsakaninsu kamar haka ne."

Gida yake so ya tsaya, kuma yana so in an tambaye shi ran Lahadi ya ce yana zuba, ba tare da ya yi ƙarya ba.

Lokacin tsinkar inabi ne, rana tsaka, Agafiya ta hau da kwando ta same shi zaune a bakin ramin, ya jingina da tarin ƙasa, hula ta rufe masa ido. Ta yi masa tsiya tun daga nesa, wai ga ma'aikacin da ake biya da tuwo yana barci. Sai da ta zo kusa ta bari.

Wannan karon Serafim ya iso a kan lokaci. Ya ɗauki akwatin gawar ubansa da kafaɗarsa, ya zuba ƙasa da hannunsa. Aka ci abincin sadaka, aka watse.

Washegari da safe Agafiya ta shigo kwashe tukwanenta, ta same shi tsaye a ɗakin girki yana kallon shaidar da ke bakin taga. Ya ɗauko farantin ya ajiye a gurbinsa, yana ɗan murmushi, ya zuba ruwa yadda ya ga ana yi tun yana ƙarami. Ya rusuna. Murmushin ya tafi. Ta gefen gangare ruwa ya rufe layin da faɗin yatsa, ta gefen tudu layin a bushe.

"Farantin nan ya lotsa," ya ce.

"Faranti lafiyarsa lau."

Magini ne. Ya ɗaga kai ya bi kusurwar taga da ido, ya ga inda farar ƙasa ta fi sauran sabunta. Ya sa farce ya kankare, laka ta zubo, tsagar ta buɗe baki.

"Inna Agafiya, tun yaushe?"

"Sa takalmin ubanka, na roban. Naka na Italiya ba zai dawo da rai ba."

Ba ta kai shi wurin bangon ba. Bakin kwazazzabo ta fara kai shi, inda ruwa ke fita tsakanin duwatsu. Daga nan suka bi sabuwar ƙasar da aka mayar, tana gaba yana baya, suna hawa. Ya tsaya sau ɗaya ya tsuguna inda ba a rufe ba tukuna, ya taɓa jerin duwatsun, biyu a tsaye ɗaya a kwance. Da suka kai ƙarshen ramin ya ɗaga kai. Ga bayan bangonsa, ga gicciye, ga ƙasa tana ƙyalli da ruwa. Ya taka, sawunsa ya cika.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ya gaya maka. Ramuka uku ya roƙa, ka ce cuku." Ta gyara ɗankwali. Muryarta ta sauka. "Ubanka ne fa. Shekara arba'in bai taɓa ce wa uwarka miyarta ta yi daɗi ba, sai dai ya miƙa kwano a ƙara. Ka ce masa kana barci. To, ya bar ka ka yi."

Serafim ya zagaya gaban bangon. Ya tara moɗa a bututu, ta daɗe kafin ta cika. Ya sha rabi ya ambaci uwarsa, ya sha sauran ya ambaci ubansa. Ya komo baya ya tsaya. Agafiya ta ce tana da tukwane a wuta, ko da yake duk ƙauye ya san tukwanenta suna gidan mamaci, ta gangara ta bar shi.

Igiyar tana nan a miƙe, daga turken ƙarshe zuwa kusurwar bangon, ba ta taɓa shi ba, saura faɗin tafin hannu. A jikin turken akwai tsaga uku da wuƙa, biyu an kankare su, an bar ta tsakiya: zurfin da Profir ya tsaya a kai ke nan. Duwatsu suna gefe a ware, masu faɗi daban, masu tsawo daban, daidai adadin da za a buƙata. Damin rassan inabi huɗu a ɗaure. Shebur yana tsaye a cikin yumɓu inda ya kafa shi kafin ya zauna, ruwa ya taru a gindinsa.

Taku goma sha ɗaya ya rage. Motar da za ta mayar da shi Italiya ran Alhamis take tashi, ran nan kuwa Talata ce, kuma kurmin da ke kan Spinarea ya riga ya fara zubar da ganye, alamar sanyi ya kusa.